Kayan hana nutsewa a ruwa

Kayan hana nutsewa a ruwa su ne duk abin da mutum ke sawa a jiki ko yake runguma domin ruwa ya ɗauki nauyinsa, hanci da baki su tsaya a waje. Sun haɗa da goran masunta, da jarka, da tif ɗin mota, da rigar ceto da ake sawa a jirgin ruwa, da kuma rigar iska ta masu nutso da tukunya a baya. Ita wannan ta ƙarshe aikinta ya sha bamban, domin tana ba mai ita damar tsayawa cak a kowane zurfi ya so, ba dole sai a saman ruwa ba. A kudancin Jihar Kano an fi buƙatar waɗannan kaya a madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda a Ƙaramar Hukumar Bebeji, da Kogin Kano da ke ratsa dajin Falgore ta Doguwa da Tudun Wada, da kududdufan da ruwan damina ke cikawa a Kiru da maƙwabtanta.

Suna

Hausa ta bambanta iyo ko ninƙaya, wato tafiya a saman ruwa, da nutso ko kurme, wato shiga ƙarƙashinsa da gangan, da kuma nutsewa, wadda haɗari ce. Rigar da ake sawa a jirgi kuwa ba ta samu tsayayyen suna ba tukuna. A rediyo da jaridu akan ji rigar kariya, rigar ruwa, rigar ceto, ko rigar hana nutsewa. Rigar ruwa tana da matsala, domin haka ake kiran ledar da ake sawa don ruwan sama, rigar kariya kuma tana iya nufin sulken jami'an tsaro. Saboda haka wannan maƙala ta zaɓi rigar ceto ga ta fasinja, da rigar mai nutso ga wadda ma'abota sana'ar ke taƙaita sunanta da haruffan BCD.

Yadda ruwa ke ɗaga abu

Duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Wannan ka'ida ana jingina ta ga Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi nauyinta kilo ɗaya ne, don haka jarka mai cin lita 20, idan ba komai cikinta kuma an ɗaure murfinta tam, za ta iya ɗaga abin da ya kusa kilo 20 kafin ta nutse. Jikin mutum nauyinsa ya kusa daidai da na ruwan da yake turewa, shi ya sa ba a buƙatar abin da zai ɗaga dukan nauyinsa. 'Yan kilo kaɗan sun isa su tsai da kai a waje. Ruwan teku ya ɗan fi na daɗi nauyi saboda gishiri, lita ɗaya tana kai kilo 1.025, kuma wannan ɗan bambanci yana da tasiri ga mai nutso, kamar yadda za a gani a gaba.

Gora, jarka da tif

Gora shi ne mafi daɗewa a ƙasar Hausa. Masunci yakan kwanta rub da ciki a kan babban gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana jan homa ko koma, kifin da ya kama kuma ya jefa cikin goran ta baki. Haka ake ganin dubban masunta a kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Kafin a shiga ruwa da gora ana ƙwanƙwasa shi a ji ko ya tsage, a duba ko gara ta ci shi. Goran da gyartai ya ɗinke yana iya ɗaukar hatsi, amma bai kamata a aminta da shi a ruwa mai zurfi ba, domin ɗinki kan yi yoyo.

Jarka da tif sun maye gurbin gora a wurare da yawa saboda arha. Jarkar da ta daɗe a rana robarta kan bushe ta fashe da ɗan bugu, murfin da ba shi da roba a ciki kuma yakan sha ruwa a hankali. Tif ɗin da aka yi wa faci sau da yawa, ko wanda ƙugiyar mamari ta taɓa, yana iya sacewa a tsakiyar tafki. Amma babban aibin dukansu uku ɗaya ne: sai mutum yana cikin hayyacinsa yana riƙe da su suke amfani. Wanda ya suma, ko sanyi ya kashe masa hannu, ko jirgi ya kife ya buge shi, zai sake su.

Rigar ceto

A 1854 Kyaftin John Ross Ward na hukumar jiragen ceto ta Birtaniya ya ƙera riga da ɓawon wata bishiya marar nauyi domin ma'aikatan ceto. A farkon ƙarni na 20 aka koma cusa audugar rimi, irin wadda Hausawa ke cusa wa matashin kai da lifidin doki, saboda zarenta yana da rami a ciki mai riƙe iska. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 ƙasashe suka rattaba hannu a yarjejeniyar kare rai a teku a 1914. A yau riguna iri biyu ne: mai soso, wadda kullum a shirye take, da mai hurawa, wadda ke da ƙaramar tukunyar iskar kabon da ke cika ta idan an ja igiya ko idan ruwa ya taɓa wani ƙwayar da ke narkewa.

Ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 12402 ya kasa rigunan mataki huɗu bisa ƙarfin ɗagawarsu: 50, 100, 150 da 275, a ma'aunin niwton, inda niwton 10 ya kusa kilo ɗaya. Mai lamba 50 taimakon iyo ce kawai ga wanda ya iya, kusa da gaɓa. Mai 100 an yi ta don ruwa mai natsuwa irin na tafki da kogi. Daga 150 zuwa sama ake sa ran riga ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Lambar tana rubuce a jikin riga tare da nauyin mutumin da aka yi ta dominsa, rigar da ba ta da wannan rubutu kuwa abin zargi ce. Akwai rigunan bogi da ake cusa wa soson katifa, wanda ke shan ruwa ya ƙara wa mutum nauyi. Soson gaske ƙofofinsa a rufe suke, in an matsa shi a ruwa ba ya tsotsa.

Ana sa rigar ceto ne a kan sauran tufafi, a kan babbar riga ko hijabi, ba a ƙarƙashinsu ba. A ɗaure dukan maɗauranta, har da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi in tana da ita, sannan wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. Idan ta hau har ta kai kunnuwa, ta yi yawa ko ba a matse ta ba, kuma a ruwa haka za ta zame ta bar mai ita. Gwajin da ya fi kowane shi ne a shiga ruwa iya ƙirji da ita, a saki jiki, a ga ko haɓa ta tsaya a waje.

Wajen dubawa, a ja kowace igiya da ƙarfi a ga ko ɗinkin zai saki, a duba zif da maɓallai da usur. Soson da ya lotse ya ƙi dawowa ya rasa ƙarfinsa, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne mayar da riga matashin zama a cikin kwalekwale. Ta audugar rimi idan ledar da ke ciki ta huje, audugar kan jiƙe ta dunƙule ta yi tauri, sai a yar. Mai hurawa ana hura ta da baki a bar ta kwana ɗaya a ga ko za ta sace, a kwance tukunyarta a auna a kwatanta da nauyin da aka buga a jikinta, a duba ranar ƙarewar ƙwayar da ke narkewa. Rana da fetur da man inji su ne manyan abokan gabar riga. A shanya ta a inuwa, a rataye ta inda iska ke shiga kuma ɓera ba ya kai wa.

Rigar mai nutso

Nutso da tukunyar iska ya samu gindin zama bayan Jacques-Yves Cousteau da Émile Gagnan sun ƙera na'urar shaƙa ta Aqua-Lung a Faransa a 1943. Masu nutso na farko ba su da abin daidaita nauyi, da ƙarfin ƙafa suke tasowa. A 1961 Maurice Fenzy ya fitar da wata zoben iska da ake ratayawa a wuya, a shekarun 1970 kuma aka samu mai siffar falmaran da mai jakar iska a baya, waɗanda su ake amfani da su har yanzu.

Rigar tana da jakar iska a ciki, da tiyo da ke kawo iska daga tukunya, da madanni biyu, ɗaya na hurawa ɗaya na fitarwa, da bakin hurawa da numfashi idan tiyo ya ƙi. Akwai bawul a kafaɗa da ƙugu da ake jan igiyarsu don zubar da iska da sauri, su ne kuma ke buɗewa da kansu idan jakar ta cika fiye da kima. A baya akwai ɗamarar da ke riƙe tukunya, a gefe kuma aljihunan dalma, ko a ɗaura dalmar a bel dabam.

Dalilin da ya sa ake buƙatarta yana cikin ka'idar da Robert Boyle ya wallafa a 1662: idan matsi ya ninka, girman iska yakan ragu da rabi. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 iskar da ke cikin riga ta koma rabi, a mita 20 ta koma sulusi. Rigar roba ta sanyi da mai nutso ke sawa ita ma tana matsewa, don haka yana ƙara nauyi yayin da yake sauka, sai ya riƙa ƙara iska kaɗan-kaɗan. Wajen tasowa abin yakan juye, kuma nan haɗarin yake. Iskar tana kumbura, kumburin yana ƙara saurin tashi, saurin kuma yana ƙara kumburi. Daga mita 20 zuwa 10 iska tana ƙaruwa da rabin girmanta ne kawai, amma daga mita 10 zuwa sama ninkawa take yi, shi ya sa mita goman ƙarshe suka fi kowane wuri wuyar sarrafawa. Wanda ya yi tashin roka yana riƙe da numfashi huhunsa na iya fashewa iska ta shiga jini, ko iskar nitirojin da ta narke a jikinsa ta yi kumfa a gaɓoɓi da laka. Saboda haka ana tasowa ne da fitar da iska daga riga, ba da hura ta ba. Teburan sojan ruwan Amurka sun tsai da saurin tasowa a mita 9 cikin minti ɗaya, kuma an saba tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Yawan dalma kuskure ne da sababbin masu nutso suka fi yi, domin yana sa saukar ta yi sauƙi. Amma duk kilo ɗaya na dalmar da ta wuce buƙata sai an biya shi da lita ɗaya ta iska a riga, wadda za ta yi ta kumbura da matsewa. Ana gwada dalma a saman ruwa: a fitar da dukan iskar riga, a riƙe numfashi na al'ada, ruwa ya tsaya daidai ido. A tuna kuma iskar tukunya tana da nauyi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 tana ɗauke da iska kusan kilo 3, wanda zai ragu yayin da ake shaƙa, don haka mai nutso ya fi sauƙi a ƙarshen aiki, daidai lokacin da yake buƙatar tsayawa a mita 5.

Kafin kowane nutso ana jiƙa ɗamarar tukunya sannan a ɗaure, domin busasshiyar ɗamara kan saki in ta sha ruwa. A haɗa tiyo a ja shi a ji ya kama, a danna madannin hurawa sau da yawa a tabbata yana dawowa da kansa, a cika rigar har bawul ya yi tsaki ya buɗe, a saurara ko akwai yoyo, a ja igiyar kowane bawul, a gwada hurawa da baki. Abokin nutso ya san inda hannun sakin dalma yake a jikin ɗan'uwansa. Matsalar da ta fi tsoratarwa ita ce madanni ya maƙale iska ta yi ta shiga. Maganinta a cire tiyon nan take da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan bawul, kuma wannan abu ne da ake koya a ruwa marar zurfi har hannu ya saba. Yashi da laka su ne ke maƙalar da madanni da bawul.

Bayan fitowa ana wanke rigar ciki da waje. A zuba ruwa mai tsabta ta bakin hurawa, a hura, a girgiza, a juya ta a zubar ta bawul na ƙasa, a bar ta ta bushe a inuwa, a ajiye da 'yar iska a ciki don kada bangon jakar ya manne. Ba a shaƙar iskar da ke cikin jakar, domin danshi na haifar da fumfuna mai cutar da huhu. Masu ƙera rigunan galibi suna son ƙwararre ya kwance madanni ya canza robobinsa sau ɗaya a shekara, tukunya kuma a ƙasashe da yawa ana yi mata gwajin matsi duk shekara 5.

Abu biyu ake yawan ɗora wa wannan riga waɗanda ba aikinta ba ne. Ba rigar ceto ba ce, domin ba a yi ta don ta juya sumamme fuska sama ba, mai jaka a baya ma takan kifa shi. Ba kuma abin ɗaga kaya ba ce. Wanda ya cika rigarsa don ya taso da injin jirgi ko gawa, idan kayan suka suɓuce masa, shi zai yi sama ba birki. Akwai jakar ɗaga kaya ta musamman don wannan.

A Tiga da kewaye

An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan 1.9, kuma shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Masunta na kama karfasa da tarwaɗa da kalli da birgi da mamari, kwalekwale kuma na ɗaukar mutane da kaya tsakanin ƙauyukan gaɓa. Nutso da tukunya ba sana'ar yau da kullum ba ce a yankin. A Najeriya an fi samun masu ita a Legas da Fatakwal, wajen aikin mai da tashoshin jiragen ruwa da rundunar sojan ruwa. Idan mutum ya nutse a tafki ko kududdufi a Kano, waɗanda ake kira su ne masu kurme na gari, mutanen Sarkin Ruwa, da jami'an Hukumar Kashe Gobara ta jiha.

Duk mai nutson da ya saba da teku aka kawo shi aiki a nan, lissafinsa zai canza ta fuska uku. Ruwan daɗi ba ya ɗagawa kamar na teku, sai ya rage dalma kilo 2 zuwa 3. Yankin kuma ya haura mita 400 sama da teku, duwatsun Riruwai a Doguwa sun fi haka nesa, alhali teburan nutso na yau da kullum an yi su ne don wuraren da ba su wuce mita 300 ba. Dole a yi amfani da teburin tudu ko a saita kwamfutar nutso. Haka nan wanda ya fito daga ruwa ya kama hanyar Jos ta Tudun Wada da Falgore a ranar, yana hawa ne zuwa tudun da ya kai kusan mita 1,200, kuma hukuncinsa ya yi kama da na wanda ya hau jirgin sama bayan nutso. Na uku shi ne duhu. Da damina ruwan kan yi ja da laka har mutum ba ya ganin ma'aunin zurfin da ke hannunsa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye da tsofaffin kalli da ke kama tiyo da igiyoyin riga. Mai nutso a irin wannan ruwa yana buƙatar wuƙa da igiyar da wani ke riƙe da ita a sama.

Haɗarin da babu rigar da ke maganinsa yana jikin madatsar kanta. Inda ruwa ke shiga bututun fita zuwa magudanar noman rani ko injin lantarki, bambancin matsi yana tsotsar duk abin da ya matso, kuma ƙarfinsa ya ninka abin da riga ke ɗagawa sau da yawa. Ba a nutso kusa da ƙofa sai an rufe ta an kulle, an kuma tabbatar ruwan ya tsaya.

Kududdufai ma suna da nasu. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini ko ta aikin titi, da tsofaffin ramukan haƙar kuza, gefensu a tsaye yake kuma da santsi, yaro na iya taka ƙafa daga ruwa iya gwiwa ya faɗa inda ya shanye shi. A irin nan, jarka ɗaure da doguwar igiya da ake jefa wa wanda ke nutsewa ta fi amfani a kan mai ceto ya faɗa ruwan da kansa.

Doka da fasinja

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. A ranar 30 ga Nuwamba ta wannan shekara wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. An danganta haɗarin da lodin da ya fi ƙarfin jirgin.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta wajabta wa kowane fasinja sa rigar ceto, ta kuma hana lodin wuce kima da tafiyar dare. Cika wannan doka a matsayar kwalekwale ya dogara ne ga masu jiragen da shugabannin masunta, kuma ƙirga riguna kaɗai bai wadatar ba. Rigar babba ba ta yi wa yaro, domin yakan zame ta ƙasanta da zarar ya faɗa ruwa. Ta yara ana zaɓarta da nauyin yaron, tana da kwala mai tallafe kai, da igiyar tsakanin cinyoyi, da madauki a bayan wuya da ake kamawa a ɗago shi cikin jirgi.